Cokalin da Lawwali Ya Zana

Duk wanda ya zauna unguwar Damba a Gusau cikin shekarun da aka ba Zamfara jiha ya san kemis ɗin Malam Lawwali, ko bai taɓa shiga ba ya ji ana ƙorafi a kansa. Shago ne ɗan ƙarami mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe, kanta ɗaya, benci ɗaya, sai mai shi, dogo siriri mai tabarau, wanda ba ya miƙa maka magani sai ya titsiye ka da tambayoyi kamar alƙali. Wane ne ba lafiya, shekarunsa nawa, tun yaushe, me aka riga aka ba shi. Mutum ya zo da ciwon kai, kafin ya gama ba da amsa ciwon ya ƙaru. Masu zolaya suka laƙaba masa Lawwali Tambaya, shi kuwa ko a jikinsa.

Ɗan Wonaka ne, ɗan fari a gidan manoma. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a gona, amma tun yana ƙarami aka ga hannunsa ya fi son alƙalami a kan fartanya, sai aka bar gonar wa ƙanensa Sama'ila. Da ya gama firamare ya samu aiki a wani ɗakin shan magani a Bungudu, yana shara yana wanke kwalabe, daga baya aka yarda ya riƙa miƙa magani. Maigidansa a wurin wani tsohon malamin asibiti ne mai zafin rai, wanda ba ya yafe kuskure ko na ƙwaya ɗaya. A hannunsa Lawwali ya koyi tsoron magani, kuma tsoron bai sake shi ba har ya yi furfura. Da Gusau ta zama babban birnin jiha, mutane suka yi ta kwararowa, ya ajiye aikin, ya nemi lasisi, ya buɗe nasa.

Zamani ne na jabun magani. A kasuwa za ka ga ana shanya ƙwayoyi a faranti cikin rana kamar gyaɗa, ja da fari da rawaya, a haɗa maka guda biyar a ƙunshin takarda a ce ka haɗiye gaba ɗaya. Wannan shi ake kira haɗi, kuma Lawwali ya ce ba a shagonsa ba. Ba ya yin allura, ko an roƙe shi don Allah, sai ya nuna hanyar asibiti. Kaya in sun iso, sai ya bi kwali-kwali yana duba wa'adi, ya ɓare ƙwaya ya murza a yatsa, in ta dagargaje kamar alli ya mayar wa dillali kayansa ba tare da ko murmushi ba. Abin da ke son sanyi yana sa shi a gwangwani ya tura cikin randa mai jiƙaƙƙen yashi, tunda wutar lantarki baƙuwa ce a Damba. Wanda wa'adinsa ya ƙare kuwa a ƙofar shago yake ƙone shi, a idon kowa, matarsa Hasana tana leƙe tana cizon yatsa.

Abin da ya fi fito da sunansa a ƙauyuka shi ne cokali. Yawancin masu zuwa wurinsa ba su karanta boko, don haka sai ya manna farar filasta a jikin kwalba, ya zana ɗan cokali da biro, a ƙarƙashinsa ya ja layuka daidai yawan shan da za a yi a yini. Daga Wonaka har bayan Tsafe, mata sun san maganin mai cokali. In suka ga zanen nan, hankalinsu ya kwanta. Lawwali yana alfahari da wannan, kuma gaskiya ya cancanta.

Sai dai duk taka-tsantsan ɗin nan akwai kafa ɗaya da ya bari, kuma bai taɓa ganinta a matsayin kafa ba, domin kowa haka yake yi. Maganin ruwa na zazzaɓin yara a babbar jarka yake saye, ya riƙa ɗurawa da mazurari a ƙananan kwalabe masu ruwan ƙasa, don talaka ya iya saye. In an shanye a dawo masa da kwalbar, ya dafa ta ya sa sabuwar filasta. Waɗanda suka yi masa yawa sai ya kyautar, tunda kwalba a ƙauye dukiya ce, a zuba zuma, a zuba man shafawa, a zuba kananzir. Sama'ila ba ya zuwa Gusau ya koma ba da biyu ko uku a aljihu ba. Mutumin da ke murza ƙwaya a yatsa bai taɓa tunanin ɓare tsohuwar filasta daga kwalbar da zai kyautar ba.

Ƙarshen daminar 1998 aka shiga, wake ya fara fure, zazzaɓi ya cika gari, man fetur kuma ya yi ɓatan dabo. Wata ranar Talata da hantsi Sama'ila ya shigo shagon da baƙar leda a hannu. Ya biya kasuwa an auna masa maganin feshin wake, mai ƙarfin nan da ake tsoma kaɗan a bokitin ruwa, an zuba masa a ɗaya daga cikin kwalaben yayansa. Ya ɗaure ledar ya ajiye a gefen kanta, ya ce zai kai famfon feshinsa gyara ya dawo. Lawwali yana fama da mutane, ya ɗaga masa kai kawai, bai tambayi abin da ke ciki ba. Tambaya ɗaya ke nan da bai yi ba a ranar.

Bayan fitarsa Inna Fatsuma ta iso. Tsohuwa ce daga Bungudu, gajera mai ƙarfin jiki da yawan raha, ta san Lawwali tun yana riƙe da tsintsiya, kuma har ya girma ba ta daina ce masa ɗana ba. Ta wuce kemis nawa a hanya ba ta kalle su ba. Ta ce jikanta Mahadi ne, ɗan shekara uku, jikinsa ya yi zafi tun jiya. Lawwali ya yi tambayoyinsa ta amsa, ya ɗura maganin, ya zana cokali, ya ja layuka, ya ɗaure a baƙar leda ya ajiye a kan kanta. Ya ja mata kunne cewa kada a ba yaron sai ya sa wani abu a cikinsa, in kuma zafin bai sauka ba a kai shi asibiti. Ana cikin haka wani ya shigo da yanka a ƙafa, jini na zuba a ƙasa. Lawwali ya zagayo ya duƙa a kansa. Inna Fatsuma ta ɗauki leda, ta yi masa sallama ta bayansa, ta tafi.

Sai bayan azahar Sama'ila ya dawo. Ya ɗauki ledar da ta rage, ya kwance don ya ga ko murfin ya ɗauru, sai ya tsaya yana jujjuya kwalbar. Ya buɗe ya shinshina.

"Yaya, wagga ba tawa ba ta. Wagga ƙamshi takai."

Lawwali ya karɓa. Filastar sabuwa ce fil, biron ko bushewa bai gama yi ba a idonsa. Ya tambayi ƙanen nasa me ke cikin tasa kwalbar, Sama'ila ya faɗa masa. Ya tambaya ko akwai filasta a jikinta. Sama'ila ya ce akwai, tsohuwa, da cokalinta da layukanta. Nan Lawwali ya gane ledar Sama'ila ce Inna Fatsuma ta ɗauka. Ya san maganin nan. Ya taɓa ganin abin da ya yi wa ƙaton namiji a Bungudu, balle yaro ɗan shekara uku.

Bai ko rufe shagon ba, ya ƙwala wa Hasana kira ta cikin gida ta zo ta ja ƙofa. Ya tura babur ɗinsa waje, Sama'ila ya haye baya. Tankin kusan a bushe yake. Gidajen mai duk an ɗaure su da igiya, motoci sun yi layi kamar an mutu an bar su. Suka tsaya wurin 'yan bumburutu a bakin titi, aka tsiyaya musu galan guda, Lawwali bai tsaya ciniki ba, bai ma duba ko an gauraya man da kananzir ba, shi da ke duba komai. Suka kama hanyar Bungudu.

A hanya Sama'ila ya fara cewa laifinsa ne, Lawwali ya ce ya yi shiru. Abu ɗaya yake riƙe da shi a zuci: ya ce kada a ba yaron sai ya ci abinci, yaro mai zazzaɓi kuma ba ya son abinci, Inna Fatsuma kuwa ba ta tsallake maganarsa. Yana ta roƙon Allah ya sa Mahadi ya yi taurin kai, ya ture kwano, ya ƙi ko da kunu.

Suka isa ƙofar gidanta a Bungudu, suka yi sallama da ƙarfi. Ɗanta Adamu ya fito yana gyara hula, ya ga fuskokinsu ya tambayi lafiya. Lawwali ya ce ina Inna, ina Mahadi. Adamu ya dube shi da mamaki. Ya ce ai Mahadi ba nan yake ba, ɗan ƙanwarsa Luba ne da ke aure a 'Yankuzo, can ƙasar Tsafe. Jiya aka aiko cewa ba shi da lafiya, shi ya sa Inna ta yi sammako, ta ce za ta biya Gusau ta karɓi magani wurin ɗanta ta wuce.

Bungudu na yamma da Gusau, Tsafe na can ɗaya gefen. Duk gudun da suka yi, nesa da ita suke ƙara yi. Ɗazu Lawwali ya tambayi Inna shekarun yaro, ya tambaye ta tun yaushe, bai tambaye ta inda yaron yake ba. Ya faɗa wa Adamu abin da ya faru cikin kalmomi kaɗan, bai ɓoye komai ba. Adamu bai zage shi ba, kuma da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Sama'ila ya sauka ya ba Adamu wuri, tunda shi ya san gidan Luba. Suka juya.

Suka sake ratsa Gusau. Lawwali ya tsaya a tashar motocin Tsafe ko Allah zai sa rashin mai ya riƙe ta. Wani ɗan kamasho ya gane ta da aka kwatanta, ya ce ai tsohuwar nan mai ban dariya ta daɗe zaune a nan tana jiran mota ta cika, ba su tashi ba sai can bayan azahar. Wato lokacin da Lawwali ke tsaye riƙe da kwalba a Damba, tana nan cikin gari, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Ya haɗiye wannan ma, ya sake tayar da babur.

Hanyar Tsafe ta yi masa tsawon da bai taɓa gani ba. Hadari ya haɗo ta gabas, iska na kaɗa dawa a gonaki, babur ɗin ya fara tari saboda gurɓataccen mai, ya mutu sau biyu, sau biyu suna tura shi. Sun ji kiran la'asar a wani ƙauye suka wuce. Daga Tsafe suka saki kwalta suka shiga hanyar 'Yankuzo, laka har gwiwa a wasu wuraren, Adamu na sauka yana turawa yana hawa. Lawwali ya san la'asar ce lokacin da ake dama wa yara kunu.

Da suka shiga garin bai jira Adamu ya yi masa iso ba. Mutumin da bai taɓa shiga gidan wani ba sai an ce ya shigo, ya faɗa zauren yana sallama yana wucewa. Abin da ya fara gani a tsakar gida shi ne yaro zaune a kan tabarma, ido ya faɗa don zazzaɓi, baki duk kunu, yana kallonsa. Ya durƙusa ya kama fuskar yaron, ya buɗe bakinsa ya shinshina, ya duba ƙwayar idonsa. Babu komai sai tsamin kunu. Ya tambaya ko an ba shi maganin, wata matashiya da ya gane ita ce Luba ta ce ba a ba shi ba. Lawwali ya fara hamdala.

Bai ƙarasa ba ya lura Luba ba shi take kallo ba, kuma kuka take yi.

Inna Fatsuma na jingine da bangon rumbu, mata biyu na riƙe da ita. Gumi ya jiƙa mata riga sharkaf, yawu na zuba ta gefen bakinta, ƙirjinta na ƙara kamar ana dafa ruwa a ciki. Kwalbar na gefenta a buɗe, warinta ya cika wurin, cokalin da ya zana da hannunsa na kallon sama.

Luba ta faɗa masa yadda aka yi, tana magana tana shessheƙa. Da aka buɗe kwalbar ita ta ce warin nan ba na maganin yara ba ne, irin na gona ne. Inna ta yi mata faɗa, ta ce me ta sani, magani mai aiki dama ba ya daɗi. Mahadi ya sha kunu, amma da ya ji warin ya datse baki ya juya kai. Sai Inna ta yi abin da kowace kaka ke yi in jika ya ƙi magani: ta cika cokali ta ce ya duba ya gani, ta kai bakinta ta shanye tana yi masa murmushi. Ta sake cikawa za ta ba shi, sai ta tsaya, ta dafe maƙogwaro, ta zubar da shi a ƙasa ta ce a ɗauke yaron daga nan.

Wata tsohuwa ta taho da kwanon manja za a ɗura mata, wani ya ce madara. Lawwali ya tare su da hannu, ya ce kada a sa mata komai a baki. Ya sa aka cire mata rigar da maganin ya zuba a kai, aka wanke mata baki da wuya, aka kwantar da ita ta gefe. Ya toshe kwalbar ya sa a aljihu don likita ya gani. Akwai a-kori-kura ɗaya a garin, mai ita ya ce babu mai ko ɗigo. Lawwali ya kwantar da babur ɗinsa ya zare tiyo, aka juye abin da ya rage a tankin motar.

A bayan motar, kanta na bisa cinyar Luba, ruwan sama ya fara sauka, Inna Fatsuma ta buɗe ido ta ga Lawwali. Ya matso yana so ya nemi gafara. Ita ce ta riga shi magana, da ƙyar.

"Na ji warin, ɗana. Wallahi na ji shi. Amma nig ga cokalinka."

Ba da zargi ta faɗa ba. Bayani take yi masa, kamar mai ba da haƙuri don ta yi wauta. Lawwali ya juya fuskarsa ga ruwan, ya yi kukan da bai yi ba ranar da mahaifinsa ya rasu. Shekara da shekaru yana gina wannan yarda, layi bayan layi, har ta kai mutum ya ƙaryata hancinsa ya gaskata zanensa.

A asibitin Tsafe ya miƙa kwalbar, ya faɗi sunansa da sunan shagonsa kafin a tambaye shi. Aka yi ta yi wa Inna Fatsuma allurai. Ta yi kwanaki ba a san inda za ta faɗa ba, shi kuma yana zaune a barandar asibitin ya ƙi komawa Gusau. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi. Mahadi ma an duba shi a nan, zazzaɓin ya sauka. Sai dai bayan 'yan makonni ƙafafun Inna suka fara sanyi, likita ya ce maganin kan bar irin wannan. Matar da ke taka Bungudu zuwa bakin titi ba ta haki, ta koma sai da sanda, daga ɗaki zuwa tsakar gida.

Iyalinta ba su kai ƙara ko'ina ba, suka ce ƙaddara ce. Lawwali bai musa ƙaddara ba, amma ya san ta ƙofar da ta shigo. Ya fitar da jarka da mazurari daga shagon, bai sake ɗura magani a kwalba ba, sai wadda ta zo a rufe daga kamfani yake sayarwa. Ya tafi Wonaka ya bi gida-gida yana karɓar tsofaffin kwalabensa, da na zuma da na kananzir, mutane na yi masa kallon wanda ya taɓu. Ya haƙa rami a bayan shago, duk kwalbar da ta ƙare sai ya ɓare filastar ya farfasa ta da dutse ya binne. Masu saye suka yi ta gunaguni cewa maganinsa ya yi tsada, wasu suka koma wurin masu faranti. Zanen cokali bai daina ba, don ba shi da abin da zai maye gurbinsa, amma ya ƙara wata al'ada da ta ƙara gundurar mutane: ba ka fita sai ka buɗe ledarka a gabansa, ka duba, ka faɗa masa abin da ka ɗauka.

Inna Fatsuma ba ta sake zuwa Damba ba. Shi yake zuwa Bungudu da kansa, duk wata, da maganin da likita ya rubuta mata. Yakan durƙusa a gabanta ya buɗe kwalbar, ya ce ta duba, ta shinshina, in ta ji wani abu da bai kwanta mata ba ta faɗa, ko da shi ne ya kawo. Takan yi dariya ta ce Lawwali Tambaya ya zo da fitinarsa. Ranar farko da ya matsa mata, sai ta dube shi ta ce:

"Kai ɗana, ba kai kak kawo ba?"

Ta karɓi cokalin daga hannunsa, ta shanye ba ta ko duba ba.